Daga feshi 26 zuwa 9: nazarin wani lambun tumatir a gefen dam ɗin Ajiwa

Lambun da mai shi

Lambun yana gefen madatsar ruwa ta Ajiwa a ƙaramar hukumar Batagarawa, madatsar da ake tace ruwanta a kai birnin Katsina. Girmansa rabin hekta ne. Mai shi dattijo ne da ya haura shekara sittin, a noman rani ya tashi, kuma tumatir ne jigon sana'arsa, sai ɗan albasa da tattasai a gefe. Al'adarsa ya yi reno a Nuwamba, ya dasa a tsakiyar Disamba, ya fara ɗiba a ƙarshen Fabrairu har cikin Afrilu. Da gangan yake makara, domin tumatirin da ya kai bazara ya fi kuɗi a wurin 'yan gwari. Shekarar da ta yi kyau yakan samu kwando 90 zuwa 100.

Alƙaluman lambun da ke cikin wannan rubutu daga littafin lissafin ɗansa na uku na ɗauko su. Yaron ɗalibi ne a Katsina, kuma ya fara rubutun ne a 2022 don kada a riƙa gardama da mai shagon magani kan bashi. Ranar feshi, sunan kwalba, yawan goyon famfo da kwandunan da aka ɗiba, duk suna ciki.

Ƙwaron da ya hana su sakat shi ne wanda manoma ke kira sharon, 'yan jarida su ce ebolar tumatir, masana kuma Tuta absoluta. Asalinsa Kudancin Amurka, ya shiga Sifaniya a 2006, daga nan ya bazu har ya iso mana. A 2016 ya yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Ita uwar sharon ɗin, 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai launin toka, da rana ta ɓuya a ƙarƙashin ganye, da magariba ta fito. Mace guda takan iya saka ƙwai har 260. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta zama a bayan ganye, huda shi take ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa tana ci daga ciki, daga baya ta koma kan kara da 'ya'ya. Daga ƙwai zuwa uwa kusan wata guda ne, idan zafi ya tsananta kuma bai kai haka ba.

Rani na farko: Disamba 2022 zuwa Afrilu 2023

Mako goma na farko an yi feshi sau ɗaya a mako, kamar yadda aka saba, ko an ga ƙwaro ko ba a gani ba. Kowane feshi yana cin goyo 8 na famfo mai lita 16. A ƙarshen Fabrairu ganyen ƙasa ya fara yin farin tabo kamar an zuba masa ruwan zafi. Lokacin ana tsakiyar ƙarancin takardun naira, don haka duk maganin da dattijon ya karɓa bashi ne, kuma abin da mai shago ya miƙo shi ake ɗauka.

Daga farkon Maris aka koma feshi duk bayan kwana uku. Da kwalba ta farko ta ƙi ci aka sauya ta biyu, aka sauya ta uku, daga ƙarshe aka riƙa haɗa biyu a famfo ɗaya. Awon ma ya tashi daga murfin kwalba zuwa rabin gwangwanin madara. Kafin ƙaramar Sallah, 21 ga Afrilu, littafin ya nuna feshi 26, wato goyo 208, lita 3,328 na ruwan magani a kan rabin hekta. Kwando 35 aka ɗiba, kuma 'yan gwari sun rage farashin da yawa daga ciki saboda huji.

Akwai abubuwan da ba su shiga littafin ba amma kowa a gidan yana tuna su. Yaron da ake biya ya yi feshin ya kwanta kwana biyu da ciwon kai da amai. A bakin ramin da ruwan komaye ke taruwa kafin ya gangara dam ake wanke famfo, kuma wata safiya an tarar da ƙananan kifaye sun taso ciki sama. Kukan kwaɗi ya ɗauke a wannan gefen. Maƙwabcin da ke da amya biyu a kan wani gawo ya ce zumarsa ta gudu, ya kuma faɗi wanda yake zargi, har sai da mai unguwa ya shiga tsakani. Kwalaben da suka ƙare suna zube a kan kunya, yara suna ɗauka.

Rani na biyu, kashi na farko: shigowar waya, Janairu 2024

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin man injin ban-ruwa ya ninka fiye da biyu, ga bashin shago bai ƙare ba. A wannan hali ne ɗan ya zo da shawarar manhajar waya mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, irin wadda za ka ɗauki hoton ganye ta faɗa maka cutar da ke damunsa. Uban bai hana ba, bai kuma ɗauki abin da muhimmanci ba.

An dasa a tsakiyar Disamba kamar bara. A mako na uku na Janairu tabo ya bayyana. Yaron ya zo ranar Asabar da azahar, ya tsaya a kan kunya ya ɗauki hoton shuka guda daga nesa, rana tana tsaka, ga ƙurar hunturu ta lulluɓe ganyen. Manhajar ta ce cutar ƙunar ganye ce wadda naman gwari ke haddasawa, ta ba da shawarar maganinta. Ya sake ɗauka a wata shukar, amsar ɗaya.

"Baba, ashe ba sharon ba ce, ciwon ganye ne. Shi ya sa maganin ƙwari bai ci ba bara."

"To, ku ne masu boko. Sai a sayo."

An sayo garin mankozeb, aka yi feshinsa sau biyar cikin mako uku, aka dakatar da maganin ƙwari gaba ɗaya. Tabon bai tsaya ba. Zuwa tsakiyar Fabrairu ya hau ganyen sama, ƙananan 'ya'ya sun fara huji a gindin hularsu.

Irin wannan kuskure sananne ne ga masu ƙera waɗannan manhajoji. A 2016 wasu masu bincike sun horar da kwamfuta da hotuna 54,306 na ganyen amfanin gona iri 14 da cututtuka 26. A kan hotunan da aka ɗauka cikin tsari, ganye ɗaya a shimfiɗe a kan fili mai launi ɗaya, ta yi daidai fiye da kashi 99 cikin ɗari. Da aka gwada ta da hotunan da aka ɗauka a wani yanayi daban, sai ta faɗo zuwa kusan kashi 31. Manhajojin yanzu sun fi na wancan lokaci nesa ba kusa ba, amma tushen aikin bai sauya ba: na'urar tana kwatanta abin da ka nuna mata da abin da aka taɓa nuna mata. Busasshen tabon sharon daga nesa, cikin ƙura da hasken azahar, yana kama da ƙunar ganye. Ba ta kuma iya juya ganyen ta leƙa bayansa.

Rani na biyu, kashi na biyu: hoton kusa da takardun kwalabe, Fabrairu zuwa Maris 2024

Uban ne ya warware zancen, ba da niyya ba. Ya tsinko ganye ya ɗaga shi saitin rana yana nuna wa ɗan, sai ga tsutsar a ciki tana motsi, ga baƙin kashinta tare a gefe guda na tabon. Yaron ya shimfiɗa ganyen a kan farin buhu a inuwa, ya goge ƙurar, ya ɗauki hoto daga kusa. Nan take manhajar ta ce Tuta absoluta. Ganye goma ya gwada ta wannan hanya, tara ta kira sunan daidai. Ranar 20 ga Fabrairu ke nan, wata guda bayan hoton farko.

Abin da ya biyo baya shi ne, a ganina, mafi muhimmanci a duk labarin. Yaron ya tattaro tsofaffin kwalaben bara da ke zube, ya ɗauki hoton takardun jikinsu, ya tura wa wata manhajar ta daban, irin wadda ake hira da ita a rubuce, ya ce ta bayyana masa abin da ke cikin kowacce. Sunayen kwalaben uku daban-daban ne, launinsu daban, kamfanoninsu daban. Biyu daga ciki sinadari ɗaya ne, lamda-sayhalotirin, ta uku kuma saifametirin, kuma dukansu 'yan gida ɗaya ne, rukunin da ake kira fairetiroid. Hanya ɗaya suke bi su kashe ƙwaro, don haka wanda ya jure ɗaya yakan jure sauran, kuma sharon ta daɗe da yin suna wajen jure wannan rukuni. Bugu da ƙari, magani ne da sai ya taɓa jikin ƙwaro, ita kuwa tsutsar tana cikin ganye. Waɗanda yake samu a fili su ne ƙudan zuma, gizo-gizo da ƙananan ƙwarin da ke cin ƙwan sharon, sannan yana da tsananin guba ga kifi. Bayanin sinadarin yana rubuce a jikin kowace kwalba tun farko, da ƙananan haruffan Turanci waɗanda ba wanda ya taɓa karantawa.

Manhajar hirar ta kuma yi nata tuntuɓen. Da yaron ya tambaye ta awon wani sabon magani a famfo mai lita 16, ta ba shi adadi ba tare da wata shakka ba. Washegari ya sake tambaya da wasu kalmomi, ta ba shi wani adadin daban. Da ya nemi ta yi bayanin da Hausa don ya karanta wa uban, Hausar ta fito a karkace, har dattijon ya tambaya ko Bature ne ya rubuto. Wasu magungunan da ta lissafa kuma babu su a shagunan Katsina. Wannan ne ya sa ya nemi malamin gona ta hanyar wani abokin karatunsa, abin da ya kamata a yi tun bara.

Malamin ya zo a farkon azumi, wanda ya kama 11 ga Maris. Ya zagaya lambun, ya ce na bana ya riga ya tafi, abin da ya rage a tsirar da ɗan abin da za a iya. Ya sa aka yi feshin emamektin, maganin ƙwari na wani rukuni daban, sau biyu da yamma, da awon da ke jikin kwalba, ya kuma gargaɗi yaron kada ya sake karɓar awo daga waya alhali takarda na hannunsa. An rufe kakar da feshi 22 da kwando 41.

Shiri: Afrilu zuwa Oktoba 2024

Malamin gona da yaron suka zauna suka tsara kaka mai zuwa, manhajar hirar tana taimakawa wajen fassara takardun bayani da tsara jadawali, malamin yana tacewa. An tuge duk tsofaffin shukoki a Afrilu aka binne su a rami mai zurfi maimakon a bar su a kan kunya kamar da, aka kuma kaftu ƙasar don rana ta gasa waɗanda suka kwanta a cikinta. An cire zaƙami da gautan kaji da ke gefen lambun, tunda dangin tumatir ne kuma a kansu ƙwaron ke rayuwa idan babu tumatir. An haƙa ramin wanke famfo can nesa da magudanar ruwa. Kwalaben da suka ƙare an ɗauraye kowacce sau uku, aka huda ta don kada wani ya zuba ruwan sha.

Gardama ɗaya aka yi mai tsawo, kan lokacin dashe. Malamin ya ce a dasa a farkon Nuwamba don a gama ɗiba kafin zafin Maris, lokacin da ƙwaron ke ninkuwa da sauri.

"Malam, ka san abin da kake cewa kuwa? Janairu ai kowa tumatir gare shi. Kwando ba ya biyan kuɗin mota."

"Na sani, Baba. Amma na bazarar shekara biyu ke nan sharon ke sayensa, ba 'yan gwari ba."

Dattijon ya yi dariya, ya yarda da gwajin shekara guda.

Rani na uku: Oktoba 2024 zuwa Maris 2025

An yi reno a Oktoba a ƙarƙashin raga mai ƙananan ido, aka dasa ranar 5 ga Nuwamba. An kafa tarko biyu masu ɗauke da sinadarin da ke kwaikwayon ƙamshin macen ƙwaron. Roba ce da ruwa da ɗan sabulu, sinadarin a rataye a sama, mazan su zo neman mace su faɗa. Daga Kano aka sayo sinadarin, ana sauya shi duk bayan mako biyar. An ƙara da faranti huɗu na ruwa da fitila mai caji a tsakiya, kwaikwayon tarkon da cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan ta fito da shi. Su waɗannan ba sa zaɓe, har ƙwarin da ba ruwansu suna faɗawa, don haka ba a kunna su sai makon da lissafi ya hau.

Ƙa'idar da malamin ya bari mai sauƙi ce. Duk Asabar a ƙirga abin da kowane tarko ya kama, a kuma duba shuka 20 daga sassa daban-daban na lambun. Idan tarko bai kai 30 a mako ba, kuma ba a ga sabon tabo mai tsutsa a ciki ba, babu feshi, sai dai a tsinke ganyen da ya kamu a binne.

Yaron ya so waya ta ɗauke masa ƙirgar. A Indiya akwai manhajar da aka gina musamman don haka, CottonAce, wadda manoman auduga ke ɗaukar hoton tarko ta ƙirga musu ƙwarin. Shi ba irinta gare shi ba, sai ya tura wa manhajar hirar hoton robar. Ta ce 14. Ya sake tura hoton nan dai, ta ce 23. Jikar dattijon, yarinya 'yar shekara goma, ta tsuguna da tsinke ta ƙirga 41. Daga ranar ƙirga ta zama aikinta, ana ba ta kuɗin alewa. Manhajar hoto kuwa ta ci gaba da amfani, amma da sharaɗi: ganye a kan farin buhu, a inuwa, daga kusa, gaba da baya. Sau biyu ta hana feshin banza, ɗaya da ta nuna siraran layukan da aka gani na wani ƙudan ganye ne mai ƙaramar ɓarna, ɗaya kuma da ta ce rawayar ganyen ƙasa ta ƙarancin taki ce, malamin ya tabbatar ta waya.

Nuwamba da Disamba lissafin bai haura 30 ba sai sau ɗaya. A Janairu ya fara hawa, a Fabrairu ya wuce 100 a tarko guda, daidai lokacin da lambunan maƙwabta suka kamu. Feshin kakar duka 9 ne: huɗu na jiƙon dakakken ƙwallon bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, sai uku na emamektin da biyu na sifinosad, shi ma maganin ƙwari na wani rukunin, ba a bin juna da rukuni ɗaya fiye da sau biyu. Duka da yamma aka yi su bayan zuma ta koma, kuma ana kiyaye kwanakin da takarda ta ce a jira kafin ɗiba. Goyo 72 ke nan, lita 1,152.

An fara ɗiba a tsakiyar Janairu, aka gama a makon farko na azumi, wanda ya kama 1 ga Maris. Kwando 84. Tsoron dattijon ya tabbata, kwandunan Janairu da farkon Fabrairu an sayar da su a farashin da bai taka kara ya karya ba. Na ƙarshen ne suka ɗan ɗaga. Bashin shago dai ya biyu, mai feshi bai kwanta ba, ba a sake ganin mataccen kifi a ramin ba, kuma maƙwabcin ya mayar da amya ɗaya kan gawon.

Me ya yi aiki, kuma don me

Idan aka jera abubuwan da suka rage feshin, dashen wuri da tsaftace lambu da ƙirgar tarko ne a gaba, kuma babu ɗayansu da yake sabon ilimi ko yake buƙatar waya. Ba kuma za a iya raba rabon kowanne ba, tunda lokaci guda aka yi su, a lambu ɗaya, a kaka ɗaya. Ruwan dam ɗin ba wanda ya auna, don haka batun kifi da kwaɗi shaidar ido ce kawai.

Duk da haka ban yarda da masu cewa wayar ba ta tsinana komai ba. Karanta takardun kwalaben nan shi ya karya imanin gidan cewa sauya kwalba sauya magani ne, kuma ba don shi ba da ba a nemi malamin gona ba, da an nemo kwalba ta huɗu. Inda aka ba ta aikin karatu da bayani, ko aka nuna mata hoto mai kyau, ta yi amfani. Inda aka mai da ita likita ko mai awo ko mai ƙirga, ta yi kuskure, kuma da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskuren, abin da ya ci wa gidan wata guda da feshi biyar. Dattijon da ya ɗaga ganye saitin rana ya san sharon tun 2016, shiru ya yi don yana ganin na'ura ta fi shi sani. Ita kanta na'urar ba kyauta muhalli ke samunta ba, domin Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya a 2024. Amma a ma'aunin wannan lambu, 'yan tambayoyin da aka yi mata ba su kama ƙafar lita 2,176 na ruwan magani da ba a zuba a bakin dam ba.

Abin da bai warwaru ba shi ne maƙwabta. Ƙwaron yana tashi, bai san iyakar gona ba, kuma hawan lissafin Fabrairu daga gefen yamma ya fara. Dattijon ya yi wa mutum huɗu da ke kewaye da shi magana kan a tuge tsohon tumatir lokaci guda, a kuma dasa lokaci guda. Biyu sun amsa. Ɗaya ya ce sai ya gani. Na huɗun yana da gauta da yake bari har cikin damina, ya ce daga ita yake cefane, kuma ba wanda ya iya ce masa ya tuge. Yaron ya kammala karatu yana jiran tafiya bautar ƙasa, wayar kuma tasa ce, da ita zai tafi. Littafin lissafin ya bar wa jikar, ya ja mata layuka har na mako ashirin.